Tubali da Bulo: Yadda Ake Buga Hoton Kwamfuta a Zamanin Gajimare

A tsakiyar Yawunde, babban birnin ƙasar Kamaru, akwai wata tsohuwar unguwa da ake kira Briqueterie, wadda 'yan gari kan taƙaita su ce Brik. A nan ne Hausawa suka fi yawa a birnin. Ga tsohon babban masallaci, ga shagunan atamfa da shadda, ga teloli, ga kuma masu tsire da kan cika bakin titi da hayaƙi tun daga la'asar. Sunan unguwar na Faransanci ne, ma'anarsa wurin buga bulo, domin a wajen ne aka kafa masana'antar jan bulo a zamanin Jamusawa. Masana'antar ta daɗe da mutuwa, sunan ne kawai ya rage.

Duk wanda ya san ginin ƙasa a ƙasar Hausa ya san bambancin tubali da bulo. Tubali da hannu ake mulmula shi ɗaya bayan ɗaya, saboda haka da wuya a sami biyu da suka zo daidai, ko da kuwa magini ɗaya ne ya yi su a rana ɗaya. Shi kuwa bulo a akwati ake buga shi. Idan akwatin ya yi kyau, bulo dubu za su fito kai ɗaya. Idan kuma akwatin ya karkace, to, dukkan dubun za su fito a karkace. Wannan bambanci shi ne ya fi sauƙin bayyana wani aiki da masu kula da manyan kwamfutoci suke yi a yau, wato buga hoton kwamfuta ta hanyar rubutaccen umurni, ba tare da mutum ya zauna yana danne-danne ba.

Uwar garke da gajimare

Idan mai shagon atamfa a Briqueterie ya karɓi kuɗin ciniki ta Orange Money ko MTN Mobile Money, ko mahauci ya tura wa dillali kuɗin sa a mayankar Etoudi da ke arewacin birnin, saƙon ba daga waya zuwa waya yake tafiya kai tsaye ba. Sai ya bi ta wata babbar kwamfuta da ke aiki dare da rana a wani gini mai sanyi, ita ce take duba asusu, ta cire, ta ƙara, ta aiko da amsa. Irin wannan kwamfuta ce marubutan Hausa kan kira uwar garke, wasu kuma su ce sabar. Ginin da ake tara su ana ce masa cibiyar bayanai.

A da, duk kamfanin da yake son uwar garke sai ya sayi tasa, ya nemi ɗaki da na'urar sanyaya ɗaki da janareta. Yanzu da yawa haya suke yi. Wani babban kamfani ne yake tara dubban kwamfutoci, ya riƙa ba da hayar ƙarfinsu ta intanet, ana biya gwargwadon awa ko daƙiƙar da aka yi amfani da su. Wannan tsari ne ake kira gajimare. An sami sunan ne daga al'adar injiniyoyi ta zana gajimare a takarda don su nuna sashen da ba su damu da sanin cikinsa ba. Kamfanin Amazon ne ya buɗe wannan kasuwa sosai a watan Agusta na 2006 da tsarinsa mai suna EC2, kuma abin lura shi ne a birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu aka yi yawancin aikin ƙera shi.

Mai hayar ba a ba shi ƙarfe a hannu. Abin da ake ba shi shi ne kwamfutar kwaikwayo. Akwai wata manhaja da ake ɗora wa babbar kwamfuta, aikinta rabo: tana yanka ƙarfin kwamfutar da ƙwaƙwalwarta da ma'adanarta kashi-kashi, kowane kashi ya riƙa aiki tamkar kwamfuta mai zaman kanta, da babbar manhajarsa, ba ya ganin abin da ke cikin na maƙwabcinsa. Kamar gidan haya ne mai ɗakuna da yawa, rufi ɗaya, amma kowa da makullinsa. Dabarar tsohuwa ce. Kamfanin IBM ya fara ta tun shekarun 1960, ya kuma fitar da tsarin VM/370 a 1972. Ta dawo da ƙarfi bayan kafa kamfanin VMware a 1998, sa'an nan manhajar Xen ta fito daga Jami'ar Kambirij a 2003, KVM kuma ta shiga cikin Linux a 2007.

Mene ne hoto?

Kalmar tana iya rikitar da ɗalibi, domin ba hoton da ake ɗauka da kyamara ake nufi ba. Hoto a nan fayil ne guda ɗaya wanda ya ƙunshi duk abin da ke cikin faifan wata kwamfuta: babbar manhaja, kamar Ubuntu ko Debian ko Windows, da sauran manhajojin da aka ɗora, da yadda aka saita su. Idan aka ba manhajar rabo wannan fayil, sai ta tayar da sabuwar kwamfutar kwaikwayo daga gare shi cikin minti ɗaya ko biyu. Ana iya tayar da guda ɗaya, ana iya tayar da ɗari. Hoton shi ne akwatin buga bulo ke nan.

Kowane mai gajimare da irin nasa. Amazon yana kiran nasa AMI. Masu amfani da KVM sun fi yin qcow2, VMware yana da VMDK, Microsoft kuma VHD. Abin da ke ciki kusan ɗaya ne, ƙunshin ne ya bambanta, amma wannan ɗan bambanci yakan hana hoton wani gida tashi a wani gida.

Aikin hannu da abin da yake jawowa

A ɗauka cewa wani ƙaramin kamfani a Yawunde ya rubuta manhajar da 'yan kasuwar atamfa za su riƙa rubuta bashi da lissafin kaya a cikinta. Ma'aikacinsa ya yi hayar kwamfutar kwaikwayo, ya shiga, ya ɗora wannan, ya gyara wancan, ya yi ta gwaji har abu ya tashi. Bayan wata uku masu amfani suka ƙaru, aka ce ya kafa ta biyu. Ya kafa, amma ya manta wani ɗan gyara da ya yi wa ta farko da tsakar dare. Bayan shekara guda akwai kwamfutoci shida, kowace da halinta, kuma ba wanda zai iya faɗin dukkan abin da ke cikin kowace. Ranar da ma'aikacin ya sami aiki a Duwala ya tafi, ilmin ya bi shi. Waɗanda ya bari suna tsoron taɓa ta farkon, don ba su san yadda za su sake gina ta ba idan ta faɗi.

Kada a ɗauka wannan matsalar ƙananan kamfanoni ce kawai. A ranar 1 ga Agusta, 2012, kamfanin Knight Capital mai hada-hadar hannun jari a Amurka ya fara aiki da wata sabuwar manhaja da ya sa a kan uwayen garkensa guda takwas. Da hannu aka kwafa, kuma aka tsallake guda ɗaya. Bakwai suna bin sabon umurni, ta takwas tana bin wani tsohon umurni da aka daɗe da daina amfani da shi. Cikin minti 45 kamfanin ya yi asarar sama da dala miliyan 400, bai kuma sake tsayawa da ƙafarsa ba.

Matakin farko da mutane suka ɗauka shi ne su gyara kwamfuta ɗaya da hannu har ta yi daidai, su ɗauki hotonta, su riƙa tayar da sauran daga gare shi. Wannan ya rage wahala, amma bai kashe ta ba. Akwatin ne aka samu, sai dai ba wanda ya rubuta yadda aka ƙera shi. Idan lokacin gyara ya zo, sai a tayar da tsohon hoto, a ƙara masa wani abu, a sake ɗauka. Bayan an yi haka sau goma, hoton ya cika da tarkacen da ba a san wanda ya sa ba.

Yadda ake bugawa

Hanyar da ta zama ruwan dare yanzu ita ce a rubuta komai a takardar tsari, wato wani ɗan fayil na rubutu, a bar manhaja ta yi aikin. Mafi shahara a cikin manhajojin wannan aiki ita ce Packer, wadda Mitchell Hashimoto na kamfanin HashiCorp ya fitar a 2013. Kamfanin IBM ya saye HashiCorp a 2025. Amazon ma ya fitar da tasa a ƙarshen 2019, mai suna EC2 Image Builder, masu tsarin OpenStack kuma suna da diskimage-builder. Sunaye sun bambanta, amma tafiyar aikin kusan ɗaya ce.

Takardar tsari tana fara faɗin tushe, wato hoton da za a gina a kansa. Yawanci hoto ne tsirara wanda masu babbar manhaja suka fitar da kansu, alal misali na Ubuntu. Sa'an nan ta faɗi gidan da ake buga hoton dominsa da girman faifan da ake so. Da an ba da umurni, manhajar za ta tayar da wata kwamfutar kwaikwayo ta wucin gadi daga tushen. Za ta ƙirƙiri mabuɗi na ɗan lokaci, ta shiga kwamfutar ta amintacciyar hanyar da ake kira SSH, kamar dai yadda ma'aikaci zai shiga. Daga nan sai ta bi jerin ayyukan da aka rubuta mata ɗaya bayan ɗaya: ta sabunta babbar manhaja, ta ɗora manhajojin da ake bukata, ta rufe ƙofofin da ba a amfani da su, ta kwafa manhajar kamfanin. Wasu da gajerun umurni suke rubuta wannan jeri, wasu kuma da manhajoji na musamman kamar Ansible, wadda ta fito a 2012, ko Puppet da Chef da suka girme ta. Idan wani aiki ya ci tura, komai yakan tsaya, ba a fitar da hoto. Idan kuwa an kai ƙarshe lafiya, sai a kashe kwamfutar, a ɗauki hoton faifanta, a yi masa suna da lamba, a rushe ta wucin gadin don kada a ci gaba da biyan hayarta. Duka-duka abin yakan ɗauki 'yan mintoci, wani lokaci ya kai rabin awa ko fiye, gwargwadon yawan kaya da ƙarfin layi.

Ma'aikatan kamfanin Netflix, waɗanda suka yi fice a wannan hanya, suna kiran aikin gashi, kamar yadda ake gasa burodi ko jan bulo. Abin da ya shiga wuta ya fito, ba a sake mulmula shi.

Akwai mataki ɗaya da ya kamata a tsaya a kansa, wato shara. Kafin a ɗauki hoto dole a goge duk abin da ya keɓanta da kwamfutar wucin gadin. Kowace uwar garke tana da mabuɗinta na shaida, wanda da shi ne masu shiga suke tabbatar da cewa ita ce ba wata ba. Idan aka bar shi a cikin hoto, kwamfutoci ɗari za su tashi da shaida ɗaya, wanda ya sace ta ɗaya ya sace ta duka. Haka nan lambar da babbar manhaja take gane kanta da ita, da tarihin umurnin da aka buga, da kalmomin sirri. A Windows akwai manhajar Sysprep da ke wannan shara. A shekarar 2011 wasu masu bincike a Darmstadt ta ƙasar Jamus sun duba hotunan da mutane suka saka a kasuwar Amazon don kowa ya ɗauka, suka tarar da mabuɗai da kalmomin sirri na masu su a cikin da dama, an bar su a fili. Masu hotunan ba mugunta suka yi ba, mantuwa ce irin ta mai aikin hannu. Rubutaccen umurni ba ya mantuwa, muddin dai an rubuta sharar a cikinsa tun farko.

To, idan an goge wa hoto duk wata shaida, ina sabuwar kwamfuta take samun sunanta? Akwai wata ƙaramar manhaja mai suna cloud-init, wadda kamfanin Canonical mai Ubuntu ya ƙirƙira, da ake barinta a cikin hoton. A tashin farko tana tambayar gajimaren: wane suna aka ba ni, wa aka yarda ya shigo, faifai nawa aka ba ni? Sai ta ƙirƙiri sabon mabuɗi, ta saita komai. Saboda haka aikin ya rabu biyu. Abin da kowace kwamfuta take bukata a gasa shi cikin hoto, abin da ya keɓanta da guda ɗaya kuwa a bari sai ta tashi. Inda za a ja layin tsakanin biyun shi ne abin da ma'aikata suka fi gardama a kai. Wanda ya gasa komai, kwamfutarsa tana tashi da sauri, amma ko ƙaramin gyara sai ya sake bugu. Wanda ya bar komai sai an tashi, hotonsa yana daɗewa bai tsufa ba, amma kowace tashi sai ta jawo kaya daga intanet, kuma idan layi ya yanke ta tsaya a rabi.

Takardar ta fi hoton daraja

Da zarar an koma wannan hanya, hoto ya zama abin yarwa. Takardar tsarin ita ce dukiya. Ana ajiye ta a manhajar Git, wadda take rubuta kowane canji da sunan wanda ya yi shi da ranar da ya yi. Kafin canji ya shiga, wani abokin aiki yakan karanta ya sa hannu. Da ya shiga, wata manhaja kamar Jenkins takan buga sabon hoto da kanta, ta tayar da kwamfuta ɗaya daga gare shi, ta gwada ko komai yana aiki, sa'an nan ta ba da izinin amfani da shi. Sabon ma'aikaci ba ya bukatar ya nemi wanda ya tafi Duwala, karatu kawai zai yi.

Amfanin wannan ya fi fitowa ranar da aka gano ɓaraka. A watan Afrilu na 2014 aka bayyana kuskuren da aka laƙaba wa suna Heartbleed a manhajar OpenSSL, a watan Disamba na 2021 kuma na Log4j. A duka biyun sai da ma'aikata a faɗin duniya suka kwana suna faci. Mai aikin hannu sai ya bi kwamfutocinsa ɗaya-ɗaya, yana fatan bai tsallake ta takwas ba. Mai takardar tsari kuwa layi ɗaya zai canza, ya buga sabon hoto, ya tayar da sababbin kwamfutoci, ya juya musu aiki, ya rushe tsofaffin. Ba a yi wa bulon da ya tsage magani, canza shi ake yi.

Turawan wannan sana'a suna da wani misali da suke so: wai a riƙa kallon uwar garke kamar saniyar garke, kada a kalle ta kamar kyanwar gida mai suna. Misalin bai zauna sosai ba ga wanda ya san makiyaya, domin Bafulatani ya san kowace saniyarsa da sunanta da na uwarta. Ya fi dacewa da dillalin da ke kai shanu mayankar Etoudi, wanda lissafinsa na kai nawa ne suka shiga yau.

Sai dai akwatin da ke buga daidai shi ne kuma yake buga kuskure. Idan aka sa ɓata a takardar tsari kuma gwaji bai kama ta ba, za ta bazu ko'ina cikin 'yan mintoci. Duniya ta ga irin wannan a ranar 19 ga Yuli, 2024, lokacin da wani gyara da kamfanin CrowdStrike ya tura kai tsaye ya durƙusar da kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5, jirage suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka tsaya. Ba hoto ne aka buga a ranar ba, amma darasin ya shafi masu buga hoto. Shi ya sa masu hankali ba sa sauya dukkan kwamfutocinsu a lokaci ɗaya. Sukan fara da ɗaya ko biyu, su jira, su kuma ajiye hoton jiya don su koma kansa idan na yau ya ƙi. Hoto kuma yana tsufa ko ba a taɓa shi ba. Wanda aka gina a kan CentOS 7, alal misali, ya daina samun faci tun ranar 30 ga Yuni, 2024, duk da cewa zai tashi ya yi aiki kamar lafiya lau.

Abin da ya shafi Yawunde

Manyan masu gajimare sun makara wajen shigowa Afirka. Microsoft ya buɗe cibiyoyinsa a Afirka ta Kudu a 2019, Amazon a Kef Tawun a 2020, Google kuma a Johannasbag a 2024. Ga mai aiki a Yawunde, waɗannan duka nesa ne, kamar yadda na Faransa da Jamus suke nesa, kuma da kuɗin waje ake biyan hayarsu. Saƙonsa sai ya bi wayoyin ƙarƙashin teku da suka sauka a gaɓar Kamaru: SAT-3 a Duwala, WACS a Limbe, da kuma biyu a Kribi, ɗaya zuwa Legas, ɗaya kuma, mai suna SAIL, zuwa Fortaleza ta ƙasar Birazil, wadda aka kammala a 2018. A ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyi huɗu suka lalace a tekun da ke gaban Kwaddibuwa, ciki har da SAT-3 da WACS, intanet ya yi rauni a ƙasashe da dama na yankin, har da Kamaru.

A cikin gida kuwa akwai cibiyoyin bayanai. Kamfanin sadarwa na gwamnati, Camtel, ya gina tasa a Zamengoé, a bayan garin Yawunde, da kayan aikin kamfanin Huawei na ƙasar Sin, aka kammala ta wajen 2020. A watan Disamba na 2024 kuma ƙasar ta kafa dokar kare bayanan jama'a, wadda ta sa duk mai riƙe da sunaye da lambobin mutane sai ya san inda yake ajiye su da inda yake tura su. Saboda haka kamfanin da ya fara a gajimaren waje yana iya wayar gari yana son ya dawo da wani sashe na aikinsa gida, ko ya raba ƙafa tsakanin biyun.

A nan ne takardar tsari take biyan wahalar rubuta ta. Hoton AMI ba zai tashi kai tsaye a kan KVM da ke wani ɗaki a Yawunde ba, amma takarda ɗaya tana iya buga hoto biyu a lokaci guda, ɗaya na Amazon, ɗaya qcow2, da kaya iri ɗaya a ciki. Akwai kuma batun nauyi. Hoto yakan kai ɗaruruwan megabait, na Windows ma gigabait masu yawa, kuma jawo shi ta layin da ke yankewa azaba ce. Takardar kuwa ba ta wuce 'yan kilobait ba, ko ta waya ana iya tura ta. Abin da ma'aikacin Yawunde yake bukata shi ne ya ajiye hoton tushe da kwafin rumbun manhajoji a wata kwamfuta ta gida, ya kuma karkata wajen gasa yawancin kayansa cikin hoto, don kada sabuwar kwamfuta ta dogara da teku kafin ta tashi. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar bugu, ba a yi asarar komai ba sai lokaci. Wuta na dawowa sai ya sake ba da umurnin daga farko.